Mataki Goma Sha Biyu

A shagon kwamfuta na Iloilo, bayan kasuwar kifi,
inda fanka ɗaya ke raba iska ga mutum goma sha huɗu,
gardama kan tashi tun kafin allo ya gama kawo haske.

Renante ya juye makinsa kaf a ƙarfi.
Jaruminsa ƙato ne, wuya kamar turmi.
Ya ce, duka ɗaya ya wadatar, me za a ci da dabara?
Efren ya ja tsaki: sai ka same shi tukuna.
Nawa ba sulke, ba nauyi,
kafin ka ɗaga gatari ya zaga ƙeyarka sau uku.
Luzviminda ba ta ɗaga murya.
Littafi gare ta mai bango shuɗi,
ta lissafe kowace kibiya, kowane zobe,
ta ce ku biyun duk kun zubar da maki tara,
ta buɗe shafi ta nuna musu wurin da ya yoye.

Ni ce mai maganin tawaga.
Ba a tuna ni sai jini ya kusa ƙarewa,
sannan sunana ya cika ɗaki kamar na ci bashi.

Wata uku muna saran dodon kogon ƙanƙara,
ya kashe mu, mu tashi, mu sayi awa, mu koma.
Ran da ya faɗi, takobi ɗaya ya bari.
Ɗaya tak, mu huɗu.
Renante ya ce shi ya sha dukan,
Efren ya ce saran ƙarshe nasa ne,
littafi ya ce ya fi dacewa da hannun mai littafi.
Na haɗiye tawa maganar,
ni da na ɗago kowannensu daga ƙasa ya fi sau ashirin.

Mako biyu ba gaisuwa.
Sai kamfanin wasa ya yi gyara cikin daren Laraba,
aka dakushe takobin,
aka rage wa ƙarfi daraja, aka ɗaure wa gudu ƙafa.
Gari ya waye, abin faɗan namu
ko kuɗin takalmi ba zai kawo ba.

Can kusa da ƙofa, tsoho Wenceslao mai shagon
shekara huɗu yana mataki goma sha biyu.
Jaruminsa na zaune bakin tafki da ƙugiya,
rigar farko ce a jikinsa, wadda ake ba kowa kyauta.
Efren ya ce, kawo in ja ka,
kafin Lahadi ka taka sittin.

Tsoho ya goge tabarau da gefen riga.
Ya ce, Dionisio na kan jirgin ruwa na kaya,
ba ya samun intanet mai ƙarfi sai sun tsaya a tasha,
wani lokaci wata biyu, wani lokaci fiye.
A goma sha biyu ya bari.
In na haura, ƙofofin da za su buɗe mini
shi ba za su bar shi ya shiga ba.

Daren nan ruwa ya sauko har ya toshe kwata,
ba wanda ya iya tafiya gida.
Ƙarfe ɗaya saura, wani suna ya koma kore a gefen allo.
Wani ɗan jarumi mai irin rigar ya fito daga hazo,
ya zauna dab da tsoho, ya jefa tasa ƙugiyar.
Ba su rubuta wa juna komai ba.
Muka yi cirko-cirko a bayan kujera,
har ƙarar fanka ta zama surutu.

Renante ne ya fara raɗa:
ai da sandar gora ya ɗauka, ta fi kamu.
Efren ya ce, ina, ta ƙarfe.
Luzviminda ta lalubi jakarta.